Rinin da Na Yi wa Jikina

Da sunan Wanda ya halicci fata launi-launi bai nemi shawarar kowa ba. Ya ku matafiyan da zangon nan ya haɗa mu, ku gyara zama, ku daina satar kallona, ku dube ni sosai a wuce wurin. Na'am, shuɗi ne ni tun daga goshi har tafin ƙafa, kuma ni ba aljani ba ne. Sunana Tunau, autan Inna Delu, mutumin Tudun Magarya, marini ɗan marini. Ga yadda aka yi na zama haka.

Ni tun ina yaro ba ni da zama. Hannuna na cikin marina, hankalina na bin ayarin da ya wuce jiya. Ba abin da ya riƙe ni a garinmu sai Inna. To bayan rasuwar mahaifinmu sai yanar ido ta soma rufe mata gani. Da fari zura zare a allura ne ya gagare ta, daga nan ta fara tuntuɓe da turmin da ya shekara a wuri ɗaya, har wata rana na tsaya a gabanta da rana tsaka ta ce, "Wane ne?" Muka yi na ɗigawa, muka yi na turare, muka yi na tofi, ido sai ƙara fari yake yi.

Wata safiya tana shafa fuskata da hannu ta ce, "Auta, ba duniya nake son gani ba, na gan ta har ta ishe ni. Fuskar nan taka nake so in ƙara gani kafin in tafi."

Maganar nan ta hana ni sakat. Ana cikin haka wani falke ya kawo rini, ya ba ni labarin Birnin Zargina da ke bayan Tekun Yashi, inda akwai wani gida da ake kira Gidan Allura. Ya ce a can ana ɗage yana daga ido da allurar ƙashin kifi, makaho ya shiga da sanda ya fito yana neman inda zai jefar da ita. Ya dubi fatar hannuna ya yi wata 'yar dariya, zai ƙara magana, ni kuwa na riga na miƙe. Na bar Inna a hannun yayata Hansai, na ɗauki gora da sanda na kama hanya.

Gari na farko da ya nemi cinye ni shi ne Kasuwar Inuwa. Mutanen can inuwarsu suke saye da sayarwa. Gajere ya sayi inuwar dogo ya riƙa taƙama da ita, attajiri ya jawo inuwa uku a bayansa, talaka kuwa ya yi ta yawo tsirara babu ko ɗaya. Dokarsu ita ce duk baƙon da aka taya inuwarsa dole ya sallama kafin ya fita. Wani dillali mai jan gemu ya taka tawa da ƙafa tun da hantsi, ya ce ya taya. Na ce to, mu yi ciniki. Na yabi inuwar, na ba shi tarihinta, na yi fushi na huce, na nemi ruwa na sha, na sake komawa farko. Da rana ta take tsaka, inuwar ta tattare ta shige ƙarƙashin ƙafata, na ce masa ya nuna wa jama'a abin da ya taya. Yana duƙe yana laluben ƙasa na fice ta ƙofar gabas.

Tekun Yashi kuwa ba a ƙetare shi sai a bayan wani kunkuru mai girman unguwa, wanda aka giggina rumfuna a kansa. Halinsa guda ne, ba ya tafiya sai ana zuba masa tsegumi a kunne. Muka yi ta yi bi da bi, kowa ya zazzage na garinsu, har muka kai tsakiya bakin kowa ya bushe. Kunkuru ya tsaya cik, yashi ya fara hawo mana. Na matsa kusa da kunnensa na ce ai na ji kunkurun da ke bin hanyar arewa yana cewa wannan ya tsufa, bana ma za a karɓe masa hanya. Ban rufe baki ba ya zabura, rumfuna biyu suka zube, bai sake tsayawa ba sai a gaɓa.

Daga gaɓar na hango ganuwar Birnin Zargina. Na nufi babbar ƙofa da ƙurata da murnata, sai mai gadi ya tare ni da mashi. Mutum ne kamar kowa, sai dai fatarsa shuɗiya ce kamar sabon rawani. Ya yi magana ta hanci, ko dubana bai yi ba.

"Bayumɓe, ƙofarku tana baya."

Na waiwaya in ga da wa yake. A garinmu ban taɓa sanin ina da launi ba, sai ranar. Ashe mutanen birnin kashi biyu ne. Shuɗawa suna kan tudu, su ne da mulki da karatu. Duk mai fata irin tawa ta da, irin taku, sunansa Bayumɓe, wai da yumɓu aka yi shi, wurinsa Gangare, aikinsa ɗiban ruwa da kwasar shara. Gidan Allura kuwa Bayumɓe ba ya shiga ko da idonsa ne ke ciwo, balle a koya masa. Abin da falken nan ya so gaya mini ke nan.

Na yi ta zagaya Gangare kamar wanda aka yi wa kurciya, ba ci ba barci, har wata tsohuwa mai gidan wanki ta kira ni. Iya Gaje ake ce mata. Ta kama yatsuna ta duba bakin farcen.

"Ɗan nan, kai marini ne. Me ya kawo ka garin da ba a son ka?"

Na gaya mata labarin Inna. Sai ta ja ni bayan shanyar kaya, ta ɗaga wata tabarma. Marina ce a ƙasa, mai faɗin da mutum zai kwanta.

"Iya, wace irin tufa ake rinawa a nan?"

"Irin wadda uwarka ta haifa. Tuɓe ka shiga."

Na shiga. Na sha rina zane, ban taɓa tunanin yadda zane ke ji ba. Na fito kore, iska ta buge ni na koma shuɗi, na sake shiga, har sai da Iya Gaje ta ce ya isa. Amma ta ce launi shi ne mai sauƙin. Ta zaunar da ni ta yi ta koya mini zama Bashuɗe. Magana ta hanci. Karɓar abu da hannu ɗaya. Ban da cin daddawa, don warinta na tona asiri. In mai ruwa ya wuce, kada in ce masa sannu. Babba a cikinsu duka, kada in kuskura in durƙusa wa kowa, don Bashuɗe a tsaye yake gaida ubansa.

"Gwiwar nan taka ce za ta kashe ka," in ji ta. "Na ga yadda take lanƙwashewa da kanta in ka ga furfura."

Haka na shiga ta babbar ƙofa, mai gadin nan ya ɗaga mini mashi yana gaisuwa. Na ce ni ɗan wani gida ne na Shuɗawan ƙauye, aka karɓe ni a Gidan Allura hannu bibbiyu. Babban malamin gidan, Malam Tambai, ya ce bai taɓa ganin hannu mai natsuwa irin nawa ba, ya ce jini ba ya ƙarya. Na ce haka ne, Malam. Muka fara da idon rago, muka koma na saniya. In launina ya fara kwantawa sai in ce zan kai wanki, in je Iya Gaje ta sabunta ni. Kullum a ɗarare nake. In gumi ya keto mini sai in duba wuyan rigata, in hadari ya taso sai in nemi rumfa tun kafin kowa.

A cikin ɗaliban akwai wani Barmo, wanda tun ganin farko na san ramin da ya fito, rini ne a jikinsa kamar nawa. Shi ma ya san nawa. Ba mu taɓa cewa komai ba, sai dai in ido ya haɗu kowa ya kau da kai. Wata rana wata tsohuwa Bayumɓiya ta zame da tulu a ƙofar gidan, ta faɗi. Kafin Barmo ya tuna ko shi wane ne, ya riga ya durƙusa yana cewa, "Sannu, Inna, ba ki ji ciwo ba?" Da muryarsa ta gida ya faɗa. Aka ja shi zuwa dandali, aka cuɗe shi da toka da soso a gaban jama'a har fatarsa ta fito, aka jefa shi Gangare. Na koma ɗaki ina jin haushin garin nan kamar in cinna masa wuta.

Daga nan Majalisar Tantancewa ta tashi tsaye. Aikinta ke nan, ta faɗi wane ne Bashuɗe. Ta ce launi kaɗai bai isa ba, a duba dasashi. Iya Gaje ta haɗa mana abin kurkure baki. Majalisa ta ce to a auna leɓatun kunne. A wannan awon ne Shuɗawa na gaskiya da yawa suka kwana 'yan tudu suka tashi 'yan Gangare, har wa da ƙane aka raba, uwa ɗaya uba ɗaya. Wani mai gidan burodi da aka kora ya yi ta kuka yana nuna kabarin kakansa, aka ce kabari ba shi da kunne. Ni kuwa Allah ya ba ni kunne irin wanda suke so a lokacin. Kullum iyakar sai ta matsa, mu kuma mu matsa tare da ita, ba wanda ya san inda za ta kwana gobe.

Sai aka yi shelar da ta fi duka. Duk wanda ke kan tudu za a wanke shi a dandali da ruwan lemun tsami da kanwa. A lokacin abu ɗaya ya rage a koya mini, yadda ake murza allura a ɗage yanar ba tare da an fasa ido ba. In babu wannan, duk abin da na koya aikin mahauci ne. Na ruga wurin Iya Gaje.

"Rinina ba zai jure lemu da kanwa ba," ta ce. "Ka tattara ka gudu."

"Iya, in koma in ce wa Inna me?"

Sai ta ce akwai wata marina a can ƙasa da wannan, wadda ta gada daga kakarta, ba a taɓa sauya mata ruwa ba. Shuninta ba a fata yake tsayawa ba, jini yake shiga.

"In ka shiga, ka shiga ke nan. Da shi za a yi maka wankan gawa. Ka yi tunani, ɗan nan."

Ban yi wani tunani ba, don in na tsaya tunani ba zan shiga ba. Na ce a raina launi ne kawai, me aka yi aka yi launi. Ruwan ya yi sanyi kamar rijiya da asuba, daga baya ya koma kamar an zuba mini barkono a jijiya. Da na fito na iske wasu mutum uku a zaune suna jiran layi, sun rufe fuska da rawani. Ɗaya daga ciki zoben Majalisa ne a yatsansa. Iya Gaje ta ce in rufe bakina in wuce.

Aka wanke ni a dandali har fatata ta yi zafi, ruwa ya sauka fari tas. Malam Tambai ya dafa kafaɗata ya ce shi dama bai taɓa shakka ba. Ya koya mini murzar allura, na ɗage yana a idon wani tsohon alƙali, ya buɗe ido ya fara zagin matarsa a kan ta tsufa. Aka ba ni allurata a cikin kube na azurfa.

Kafin in gama shirin tafiya sai garin ya sake juyawa. 'Ya'yan manya suka gaji da shuɗi. Wata 'yar babban gida ta fito biki ta shafe jikinta da jar ƙasa, kafin wani lokaci duk samari da 'yan matan tudu sun koma launin yumɓu. Suna cin daddawa da cokali, suna rera waƙoƙin masu ɗiban ruwa, suna cewa su a zuciya Yumɓawa ne. Mai gadi yakan duba bayan kunnensu, in ya ga shuɗi a ƙasan shafin ya buɗe musu ƙofa. Bayumɓen gaske kuwa ƙofarsa tana nan a baya.

Na sauka Gangare in yi sallama. Kwaɗayin miyar kuka ya kai ni wata rumfa, na ga dattijo a zaune, gwiwata ta samu abin da ta daɗe tana nema, na durƙusa na gaishe shi da muryata ta gida. Sai ya zabura ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, tashi, kada ka ja mana masifa. In wasan nan naku ne, ga mai koyarwa can."

Na duba inda ya nuna, sai ga Barmo a tsaye a ƙarƙashin bishiya, samarin tudu sun jeru a gabansa da jar ƙasa a jiki, yana koya musu durƙuso. Ya gane ni. Ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Abin da aka kore ni a kansa, shi nake ci da shi yanzu. Wancan na tsakiya ɗalibin Gidan Allura ne, gwiwarsa kamar itace. Kai fa, yaushe za ka wanke naka?"

Na ce masa nawa ba ya fita. Sai ya kama hannuna ya riƙe. Wani daga cikin samarin ya ce mini in ina so ya ba ni sauran jar ƙasarsa, wai shuɗi tsohon yayi ne. Da ƙyar Barmo ya janye ni daga wuyan saurayin.

Hanyar komowa ba zan gajiyar da ku da ita ba. Kunkuru ya samu tsegumin Birnin Zargina, bai tsaya ba ko sau ɗaya. Na shiga Tudun Magarya da la'asar, yara suka watse da ihu, mata suka bar tulunansu a bakin rijiya. Abokan aikina na marina suka tsaya daga nesa suna karanta abin da suka iya. Yaya Hansai ta tare ƙofar gida da taɓarya, sai da na faɗi sunan akuyar da ta taɓa ɓatarwa muka ɓoye wa Baba sannan taɓaryar ta faɗi daga hannunta.

"Tunau, me ka yi wa kanka?"

"Yaya, Inna na nan?"

"Tana nan. Amma kada ka gaya mata tukuna, zuciyarta ba ta da ƙarfi."

Inna tana zaune a bakin gado, ta rame, idanun sun yi fari fat. Na yi sallama. Kafin in rufe baki ta ce, "Auta." Ta miƙo hannu ta shafa goshina da hancina da haɓata, ta ce na rame, ta ce ba a ba ni abinci a can, ta yi ta dariya hawaye na zuba. Tun da na bar gida ban ji daɗi irin na wannan yammacin ba. Na so in bar abin haka, wallahi na so. Amma ta tambaye ni ko na samo, na ce na samo.

Da safe na fitar da ita tsakar gida inda haske yake. Hansai ta riƙe mata kai. Na yi bisimilla na murza allura, yanar dama ta ɗage, ta hagu ta bi ta. Na ɗaure mata ido da ƙyalle, muka jira har ya huce.

Ranar kwancewa Hansai ce ta kwance. Inna ta ƙifta ido, ta ga turmi, ta ga darbejiyar tsakar gida, ta ga Hansai ta ce, "Ke ma kin yi furfura?" Sannan ta juyo gare ni. Murmushin ya tsaya. Ta ja mayafi ta rufe kanta, ta gyara zama kamar yadda ake yi wa baƙo.

"Sannu da aiki, malam, Allah ya saka. Hansai, ina Auta? Kira shi ya zo."

Hansai ta sa kuka. Na ce, "Inna, ni ne."

Ta dube ni, ta daɗe. Ta bi goshin da ido, ta bi hancin, ta bi haɓar, duk abin da hannunta ya sani. Na gaya mata komai, tun daga mai gadi har marinar ƙasa. Ba ta katse ni ba, ba ta yi faɗa ba.

"Na ji," ta ce. "Na san kai ne. Kunnena ya sani, hannuna ya sani. Idon nan da ka buɗe ne ya ƙi yarda. Ita nake ta ajiyewa a raina duk shekarun nan, fuskar. Ina ka bar ta?"

Sai ta runtse idanun da na ƙetare Tekun Yashi domin su, ta miƙo hannu.

"Matso. Yi magana in ji."

Na matsa na yi magana, na ba ta labarin kunkuru, ta yi dariya ta ce, "Auta ke nan." Ta rayu damina biyu bayan haka, tana zura zarenta da kanta, tana ganin jikokinta, tana gane kowa tun daga ƙofar gida. Ni kaɗai ne in ta ji takuna sai ta ajiye abin da ke hannunta, ta rufe ido, sannan ta ce in shigo. Haka muka yi har ranar da na rufe mata idanun da hannuna.

Iyakar hikayata ke nan, wanda ya ji ya ji. Ku matsa mini in ɗaura kayana, ayarin yamma ya fara tashi.